Hedikwatar ƙaramar hukuma mai mutum 1,788: amsa ga wata uwa daga Gumel

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce daga Gumel. Babban yarona ya gama karatu a Houston ta Amurka, sai ya samu aikin koyar da lissafi a wani gari wai shi Marfa, a jihar Teksas. Ya ce min hedikwatar ƙaramar hukuma ce, amma mutanen garin ba su kai dubu biyu ba. Ya ce hamada ce, kuma ya ce da asuba ruwa na daskarewa, wai sanyi ya kai 25. Malam, mu nan 25 ai lokacin jin daɗi ne. Maganganun nan sun ƙi haɗuwa a kaina, har na fara zargin ko wani ƙungurmin ƙauye aka jefa shi yake ɓoye min. Ga shi yana so matarsa da jaririyarsu su bi shi. Don Allah a warware min.

Hajiya, Gumel, Jihar Jigawa

AMSA

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya raya jikar taki, Ya yi mata albarka. Ki kwantar da hankalinki, yaron nan bai ɓoye miki komai ba. Duk abin da ya faɗa haka yake, kuma ba labari aka ba ni ba. Daga 2009 zuwa 2011 na zauna a Alpine, garin da ke gabas da Marfa da kilomita 42, ina karatun kiwo da kula da makiyaya a Jami'ar Sul Ross. Yawancin aikin filinmu a makiyayun da ke kewaye da Marfa muka yi shi, muna auna ciyawa muna ƙirga shanu. Don haka da na ga sunan garin a wasiƙarki sai na ajiye sauran wasiƙun makon nan na ɗauki taki.

Bari mu fara da 25 ɗin nan, don ita ce mafi sauƙin warwarewa. Ma'auninsu ba irin namu ba ne. Mu da Salshiyas muke aiki, inda ruwa ke daskarewa a sifili. Su da Faranhait suke aiki, a nasu kuwa ruwa na daskarewa a 32. To 25 ɗinsu daidai take da kusan digiri 4 ƙasa da sifili a namu. Wannan shi ne sanyin asubar watan Janairu a Marfa, ba ma ranar da ta yi tsanani ba. Idan ya sake kira ya ce miki yau zafi ya kai 90, kada gabanki ya faɗi, 32 ke nan a lissafinmu.

Sai batun hamada da ƙanƙara a wuri guda. Mu da an ce hamada, sai zuciya ta tafi Agadas da tulin yashi. Marfa tana cikin hamadar da ake kira Chihuahua, wadda ta taso daga arewacin Meziko ta shigo Teksas, amma inda garin yake ba yashi ba ne. Shimfiɗaɗɗen tudu ne mai gajeriyar ciyawa, iyakar ganin ido, sai duwatsu can nesa sun yi masa zobe: duwatsun Davis ta arewa, na Chinati ta kudu maso yamma, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 2,300. Shi kansa garin yana kan tsayin kusan mita 1,430 daga matakin teku. Jos da muke misalin sanyi da ita tana wajen mita 1,200 ne, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Ki ƙara da cewa Gumel tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Marfa tana digiri 30, don haka a watan Disamba rana can gefe take bi, ba ta zuwa tsakar ka. Na uku, iskar wurin busasshiya ce ƙayau, ba gajimaren da zai riƙe ɗumin yini. Da rana ta faɗi, sanyi sai ya sauko kamar an buɗe masa ƙofa. Kin san yadda hunturu ke yi mana a Gumel, a yini da riga guda a kwana da bargo biyu? Haka ne, sai dai nasu ya ninka. Tsakar rana a Janairu ana iya samun digiri 15 ko 16, mutum ya zauna a hantsi yana jin daɗi, kafin asuba robar ruwan da aka manta a tsakar gida ta zama dutse.

Akwai kuma wata iska da ke gangarowa daga arewa mai nisa, tun daga Kanada, ba dutsen da ke tare ta a hanya. Ranar da za ta zo, sai ka ga sararin arewa ya yi duhu-duhu, cikin awa biyu ko uku yanayi ya juye gaba ɗaya. Dusar ƙanƙara takan sauka jefi-jefi, galibi kafin azahar ta narke. Amma wani lokaci abin kan wuce misali, kamar a Fabrairun 2021 da sanyi ya rufe Teksas baki ɗaya, wutar lantarki ta ɗauke wa miliyoyin mutane kwana da kwanaki.

Zafinsu kuwa, ga ɗan Gumel, ba abin a faɗa ba ne. Yuni ne watan da ya fi zafi, rana takan kai wajen digiri 33, dare ya sauko 15 ko 16. Wanda ya sha bazarar Afirilu a ƙasar Gumel da Maigatari zai kwana lafiya lau ba fanka. Sai dai wannan alherin na tudu ne kawai. Idan ya ɗauki hanyar kudu zuwa Presidio, garin bakin iyakar Meziko mai nisan kusan kilomita 96, gangara zai yi ta yi har ya sauka wajen mita 800, a can kuwa 40 da ɗoriya ba baƙon abu ba ne. Gunduma guda, tafiyar awa guda, yanayi biyu.

Abin da ya fi taɓa min zuciya a wurin shi ne daminarsu, domin kamar tamu take. Ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kusan irin na Damagaram, kuma mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba yake sauka. Hadari na haɗuwa bayan azahar, a yi tsawa da walƙiya, a zuba a makiyayar wani a bar ta maƙwabcinsa a bushe. Makiyayan can idan sun haɗu a kanti, tambayar farko bayan gaisuwa ita ce nawa aka samu a wajenka, kamar dai yadda muke cewa yaya ruwa. Cikin mako biyu ciyawar da ta yi fari fat sai ta koma kore shar, barewarsu ta fito tana kiwo a gefen titi. Ranar da na fara jin ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko a can, na tsaya a bakin shinge na daɗe ban motsa ba, don gida ne ya faɗo min.

Maris da Afirilu su ne watannin iska da ƙura, kuma su ne na haɗari. A ranar 9 ga Afirilun 2011 wuta ta tashi a wani tsohon gida a yamma da Marfa. Damina ta yi kyau a shekarar da ta gabata, ciyawa ta yi yawa, sannan fari ya biyo baya ta bushe ƙamas. Iska ta kwashi wutar ta yi arewa da ita, kafin dare ta isa Fort Davis mai nisan kilomita 34 ta cinye gidaje da dama. Makonni aka yi ana fama, ta ƙone fiye da eka 300,000. Na ga shanun da wuta ta ritsa da su a jikin shingen waya, sun gudu har iyakar inda waya ta bari. Har yau ban manta ba.

Wannan shingen shi ne zai kai mu ga babbar tambayarki, ta yawan jama'a.

Ƙidayar 2020 ta samu mutum 1,788 a Marfa. Gundumar Presidio gaba ɗaya, wadda Marfa ce hedikwatarta, mutum 6,131 ne. Faɗin gundumar kuwa ya kusa murabba'in kilomita 10,000, wato kusan rabin Jihar Kano, ko abin da ya haura kashi biyu cikin biyar na Jigawa. Jigawa tana da ƙananan hukumomi 27, kuma tun a ƙidayar 2006 ta haura mutum miliyan huɗu. A gundumar Presidio, idan aka raba ƙasar, kowane mutum guda, har jarirai, zai tashi da fiye da murabba'in kilomita guda.

Galibi ana cewa rashin ruwa ne ya jawo haka. Ni ban yarda shi kaɗai ba ne, kuma ke da kike Gumel kin fi kowa gane dalilina. Da irin wannan ruwan mutanen Damagaram ke noma gero da wake, ƙauye na jin kiran sallar ƙauye. Gaskiya ne a Marfa sanyi na taƙaita lokacin shuka, iska kuma na shanye laima da wuri. Amma babban bambancin yana ga yadda aka mallaki ƙasar. A Teksas kusan duk ƙasa ta masu ita ce, da takarda, da shinge. Ba dajin kowa da kowa, ba burtali, ba gonar gado da ake yankawa 'ya'ya kowa ya samu kadada biyu. Iyali guda na iya riƙe eka dubu talatin ko dubu hamsin. Kuma ciyawar ba ta da kauri: saniya guda da ɗanta na buƙatar eka arba'in, hamsin, a wurare masu fako ma fiye da ɗari, kafin su ƙoshi a shekara. Mai irin wannan makiyaya, da mota da famfon da iska ko hasken rana ke juyawa, mutum uku ko huɗu sun ishe shi aiki. To ƙasar da mutum huɗu ke iya kula da ita, kuma ba mai ikon kafa bukka a cikinta sai da izini, ina za ta tara jama'a? Yaro ya gama sakandare, ba gonar da zai gada, ba masana'anta, sai ya nufi El Paso ko rijiyoyin man Midland da Odessa.

Shi ya sa garin raguwa yake yi. A 1930 mutanensa sun kai 3,909. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu akwai barikin soja da filin koyon tuƙin jiragen yaƙi, kasuwa ta buɗe. Da yaƙi ya ƙare sojoji suka kwashe, sai kuma farin shekarun 1950 ya zo ya yi kusan shekara bakwai yana karya makiyaya. A 2000 an ƙirga 2,121, a 2010 aka samu 1,981, yanzu ga inda ake.

To me ya sa ƙaramin wuri haka ya zama hedikwata? Abin da suke kira kawunti, wanda na fassara da gunduma, shi ne mafi kusa da ƙaramar hukumarmu. Teksas kaɗai tana da 254. An yanka su ne bisa faɗin ƙasa, ba a jira jama'a sun taru ba, kuma kowacce dole ta samu garin da za a ajiye kotu, da rajistar filaye, da ofishin haraji, da gidan waƙafi. Akwai zaɓaɓɓen alƙalin gunduma, wanda aikinsa ya fi kama da na ciyaman, da kwamishinoni huɗu, da shugaban 'yan sandan gunduma da suke kira sherif, shi ma zaɓensa ake yi. Ko mutum ɗari ne a gundumar sai an yi wannan tsari. Gundumar Loving, a arewa da su, mutum 64 aka ƙirga a 2020, kuma tana da hedikwatarta da kotunta.

Ita Marfa jirgin ƙasa ne ya haife ta. A farkon shekarun 1880 aka shimfiɗa layin dogo ta wannan tudu, jiragen lokacin kuwa masu tururi ne, dole su tsaya shan ruwa. Wajen 1883 tashar shan ruwa ta zama gari, kamar dai yadda Malam Madori ta bunƙasa a kan layin Kano zuwa Nguru. Kafin nan hedikwatar tana Fort Davis, inda sojoji suka kafa sansani tun 1854, amma layin dogo bai bi ta can ba. A 1885 aka kaɗa ƙuri'a aka mayar da hedikwatar Marfa, a 1886 aka gina kotun da har yau ake aiki a cikinta. Mutanen Fort Davis ba su haƙura ba, a 1887 aka yanka musu tasu gundumar, aka yanka wa Alpine tata. Wanda ya ga yadda ake neman ƙaramar hukuma a ƙasarmu ba zai yi mamakin wannan ba. Kuma har gobe Marfa ba ita ce mafi girma a gundumarta ba. Presidio ta fi ta jama'a, da mutum 3,264, domin tana bakin kogin Rio Grande, daura da inda kogin Conchos ke shigowa, fadamar da 'yan asalin ƙasar ke nomawa tun ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa.

Kada kalmar ƙauye ta sa ki zana hoton bukkoki. Akwai kwalta, da ruwan famfo, da wuta, da intanet, da ɗakin karatu, da gidan rediyo, da jaridar mako-mako. Babban titin garin mai faɗi ne, ya miƙe daga layin dogo har ƙofar kotu, ginin da ke da launin hoda da ƙubba a samansa, wanda ake hangowa tun daga nesa kafin a shigo gari. Fitilar hanya guda ce tak, ja mai ƙyaftawa, a mahaɗar manyan tituna biyu. Garin ma ya yi suna a duniya, domin a shekarun 1970 wani mai zane da sassaƙa daga New York, Donald Judd, ya koma can, tsohon barikin soja ya zama wurin baje kolin ayyukansa. Tun daga nan baƙi ke zuwa daga ko'ina. Wannan ya kawo kuɗi, amma ya kawo matsalar da za ta shafi ɗanki kai tsaye: masu hali daga birane sun saye gidaje suna ba 'yan yawon buɗe ido haya, kuɗin haya ya yi tsada ƙwarai ga mai albashin malanta. Ki tambaye shi wannan, don ta fi sanyi muhimmanci.

Wajen kashi biyu cikin uku na mutanen garin 'yan asalin Meziko ne, da yawansu kakanninsu na nan tun kafin layin dogo. Sifaniyanci na yawo a kanti da coci da filin wasa kamar Turanci. Mutane ne masu riƙon zumunci da girmama tsofaffi, tuwonsu ma na masara ne da wake da barkono, ba zai sha wuyar sabawa ba. Tunda malami ne, ya je ya ga makarantar Blackwell. Daga 1909 zuwa 1965 a nan ake ware 'ya'yan 'yan Meziko, ba a haɗa su da na Turawa. A 1954 an sa yaran sun rubuta alkawarin daina Sifaniyanci a 'yan takardu, aka zuba a akwati aka binne a harabar makaranta kamar gawa. A 2022 gwamnatin tarayya ta sa hannu a dokar mayar da wurin gidan tarihi na ƙasa. Jikokin waɗancan yaran ne ke zaune a ajinsa. Mu da aka ci tararmu a firamare don mun yi Hausa a aji, mun san ɗacin abin, kuma malamin da ya san wannan tarihi zai fi sanin yadda zai yi magana da iyayen ɗalibansa.

Yanzu batun surukarki da jaririya. Ra'ayina su tafi. Zaman miji shi kaɗai a irin wannan wuri ba alheri ba ne, domin abin da ke cin baƙo a can shiru ne da nisa. Houston da ya baro tana da nisan kusan Kano zuwa Legas. El Paso, babban birni mai filin jirgin sama da masallacin Juma'a da kantin naman halal, tafiyar awa uku ce, kusan kilomita 310. Ni a zamana ban ga masallaci a Marfa ko Alpine ba, mu 'yan ƙalilan ne muke haɗuwa a ɗakin ɗayanmu mu yi jam'i, nama kuwa sai mun je El Paso mu ciko akwatin ƙanƙara. Jirgin ƙasan fasinja na ratsa Marfa amma ba ya tsayawa, sai a Alpine. Ba tasi, ba acaɓa, ba Keke Napep.

Don haka ga sharuɗɗan da zan gindaya da 'yata ce. Ya tabbatar da gida mai na'urar ɗumama ɗaki kafin su taso. Ya mallaki mota mai lafiya, ita ma ta koyi tuƙi da wuri, domin Marfa ƙaramin asibitin sha-ka-tafi gare ta, babban asibiti yana Alpine, tafiyar rabin awa a hanyar da barewa ke tsallakawa da dare. Su iso tsakanin Mayu da Satumba, jikin yarinyar ya saba kafin sanyi ya shigo a Nuwamba. Kuma duk inda za su, takardunsu na zama su kasance a jikinsu. Hedikwatar jami'an tsaron iyaka ta wannan shiyya a Marfa take, akwai shingen bincike a hanyar Presidio, ana tsayar da kowa a tambaye shi. Ba abin tsoro ba ne ga mai takarda, amma baƙar fata a garin mutum 1,788 ba ya ɓoyuwa.

Idan za ki haɗa musu kaya, ki bar zancen rigunan sanyi, na can sun fi dacewa da can. Ki sa man kaɗanya mai yawa, don iskar wurin na fasa leɓe da dunduniya fiye da hunturunmu, yarinyar za ta buƙata. Ki sa kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, a ƙulle da kyau, su kuma bayyana su ga jami'an kwastan idan sun sauka. Kilishi kam kada ki sa, ba a barin nama ya shiga.

Sai lokacin kira. Daga Nuwamba zuwa Maris kin riga su da awa bakwai, sauran watanni da awa shida. Idan kin kira bayan Isha, yana tsakiyar aji. Ki bari sai Asabar ko Lahadi bayan La'asar, lokacin hantsi ne a wajensu. Ki ce masa ya fita bakin gari ta hanyar Fort Davis ya kira ki ta bidiyo, ya juya wayar a hankali ta kowace kusurwa, ki ga ciyawar da duwatsun da idonki. Allah Ya tsare su, Ya sa a je lafiya a dawo lafiya.